Gas ko sola, wanne ya fi mana a Katsina?

Ɗan'uwa da ya tambaya jiya cewa tunda gwamnati ta ce za a koma tsabtataccen makamashi, gas ne ya fi ko sola, ga abin da na gani.

Ita kanta gwamnatin duka biyun ta riƙe. Buhari ya yi alƙawari a Glasgow a 2021 cewa zuwa 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa daga iska, a 2022 aka fito da tsarin yadda za a cim ma hakan, kuma a ciki aka ce da gas za a fara tafiya kafin rana da iska su karɓa. Mu dai abin dubawa shi ne wanne zai iso ƙofar gidanmu.

Gas yana da ƙarfi, ba ruwan shi da dare ko hadari, shi ke iya ɗaukar masana'anta da manyan injinan casar shinkafa, kuma yanzu haka mafi yawan wutar nefa daga gas take. Amma ina gas ɗin yake? Kudu. Tashoshin ma can suke, sai wutar ta yi doguwar tafiya kan turaku kafin ta zo Kano a rabo mana. Kun dai tuna Oktoban 2024 da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, masu ƙanƙara da masu walda suka zauna zaman jira. Bututun gas na AKK mai kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikin shi a 2020, sunan shi ma ya faɗa maka, Ajaokuta, Kaduna, Kano, nan ya tsaya.

Sola kuwa abin da Allah ya hore mana ne, rana nan ba sai an yi mata bututu ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mai noman rani da ke zuba fetur a injin ban ruwa kullum ya gane, ya kafa faifan sola a bakin fadama ruwa na zuba tun hantsi har la'asar, haka rijiyar burtsatse, haka mai cajin waya, haka firijin rigakafi a asibitin ƙauye. Matsalar ta kuɗin farko ne, faifai da batir da infata mafi yawansu da dala ake shigo da su, ga jabu sun cika kasuwa, sai ka ga batir ya mutu bai kai ko'ina ba. Ga ƙurar hunturu, in ba ka hau ka goge faifan ba wutar raguwa take, kuma da dare in batir ƙarami ne to fanka da ƙwai biyu ne iyakarka.

Abin da ke ci mani rai shi ne tashar wutar iska ta Lambar Rimi a nan jihar Katsina. Injinan iska 37, megawat 10, tun Malam Umaru 'Yar'aduwa yana gwamna aka faro zancen, shekaru suka yi ta wucewa muna kallon su daga hanya. Shi ya sa ni sabon aiki ba ya ruɗa ni sai na ji wa zai riƙa gyara da kuɗin wa.

Don haka ɗan'uwa, in gida ne ko shago ko gona, sola ka nufa, ka sayi mai kyau ko da kaɗan-kaɗan ne, ka fara da batir na ƙwarai. In kuwa injin niƙa babba ne ko kamfani, har yanzu sai wutar layi. Kuma tunda dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar samar da wutarsu su raba, ni inda nake so a matsa wa wakilanmu shi ne ƙananan tashoshin sola a kasuwanni da garuruwan da turaku ba su kai ba, da koya wa yaranmu gyaran su.