Fitilar UVB ta Hannu don Cutar Soriyasis: Amfaninta da Iyakarta

Duk mai fama da soriyasis a Gombe ya san yadda hunturu yake tayar da ita: fata ta bushe, ta yi kauri a gwiwar hannu da ta ƙafa, ta riƙa zubar da farin ɓawo, ga ƙaiƙayin da yake hana barci. Da mayukan shafawa suka kasa, likitan fata ya ba ni shawarar sayen ƙaramar fitilar hannu mai fitar da hasken UVB (wani nau'in haske da ido ba ya gani, wanda ake samu a cikin hasken rana) mai tsawon zango nanomita 311, irin wanda kamfanin Philips ya fito da ƙwansa a shekarun 1980.

Aikin hasken shi ne rage gaggawar da fata take yi wajen sabunta kanta, domin abin da lafiyayyar fata take yi cikin kusan wata guda, mai soriyasis tana yin sa cikin 'yan kwanaki, kuma yana kwantar da ƙwayoyin garkuwar jiki masu haddasa kumburin. Likita ya tsara mini sau uku a mako, na fara da daƙiƙoƙi kaɗan, ana ƙarawa sannu a hankali. Bayan wasu makonni ɓawon ya ragu, wurin ya yi laushi, har na daina samun farin gari a kan dardumar salla. Abin da ya fi burge ni shi ne matajin da ake maƙala wa fitilar, wanda yake buɗe gashi har hasken ya isa fatar kai.

Sai dai fitilar tana da iyaka. Faɗin haskenta bai kai tafin hannu ba, don haka wanda cutar ta mamaye masa baya da ciki asibiti ya kamace shi. Tana aiki da wutar lantarki, kuma ɗaukewar wuta tana ɓata jadawali. Takardar bayaninta ma ba ta ce komai ba game da baƙar fata, alhali wurin da aka haska yakan ƙara duhu na wani lokaci, kuma jan da yake nuna ƙuna ba ya saurin bayyana a jikinmu.

Ban yarda da dillalan da suke cewa tana warkarwa gaba ɗaya ba. Cutar takan lafa ne, ta kuma iya dawowa. Ina ba masu ƙananan tabo shawarar sayenta, da sharaɗin likita ne zai tsara lokacin, kuma kada a kunna ta sai an sanya tabarau ɗin kariyar da ya zo tare da ita.