Zango shida Nandor bai buɗe baki ba

Wallahi dariya na je nema a What We Do in the Shadows, shirin barkwancin tashar FX da ya tsiro daga fim ɗin Taika Waititi da Jemaine Clement na 2014. Masu shan jini ne suke zaman gida ɗaya a Staten Island ta Amurka, masu kyamara na bin su. Dariyar kam na sha, amma abin da ya riƙe ni har ƙarshe tsakanin Nandor ne da baransa Guillermo.

Tun kashin farko a 2019 aka nuna inda aka dosa. Guillermo ya cika shekara 10 yana bauta, shi ne share gida, shi ne zubar da gawa, yana jiran ranar da maigida zai mai da shi mai shan jini. Me Nandor ya ba shi? Hoton su biyu da ya haɗa da ƙyalƙyali. Harvey Guillén, wanda ya fito a Guillermo, ba ya buƙatar magana, kallon da yake wa kyamara ya isa. Shi kuwa Kayvan Novak, wanda ya fito a Nandor, duk lokacin da Nandor ya kusa faɗin abin da ke ransa, sai ya basar ya aiki yaron wani wuri. Wannan basarwar ita ce gishirin shirin, na yaba.

To sai zango na huɗu. Nandor ya samo aljani a fitila, ya sa aka tayar masa da matansa 37 da suka daɗe da mutuwa, ya tsayar da Marwa. Ya yi ta gyara ta da buƙatu har ya nemi ta riƙa son duk abin da yake so. Ranar biki sai ga amarya ta rungume Guillermo tana sumbatar fuskarsa ba ƙaƙƙautawa. Haba! Na tashi zaune. Ai asiri ya tonu ba tare da kowa ya ce uffan ba, na ce marubutan nan sun iya allonsu.

Ashe murnar ba za ta yi nisa ba. Guillermo ya kawo saurayinsa Freddie daga Ingila, Nandor ya ƙyasa, ya sa aljani ya mai da Marwa wani Freddie sak. Daga baya Freddie biyun suka haɗe abinsu, Guillermo ya tashi a tutar babu, Marwa kuwa ba wanda ya sake tambayar ta. Baiwar Allah, an dawo da ita duniya ba shawara, an shafe ta ba shawara, wai mu yi dariya. Har yau abin na ci mini rai.

Duk da haka na ci gaba, don Matt Berry, wanda ya fito a Laszlo, ɗaya daga masu shan jinin gidan, ko gaisuwa ya yi sai ka ƙyalƙyale. A kashin ƙarshe, Disamba 2024, Nandor ya bar Guillermo ya zauna cikin akwatin gawar da shi Nandor ke kwana a ciki, akwatin ya zurma da su wani ɗakin sirri a ƙarƙashin ƙasa, wai za su yaƙi miyagu tare. Da farko na ce ya yi. Da na tuna rabin zangon Nandor bin wata daban yake yi, na kuma tuna Marwa, sai na rage maki. Uku cikin biyar, kuma ɗaya na Matt Berry ne.