Sandar fatsa ta tenkara: yadda muka kwashe da ita a Rapidan

Ranar da sandar nan ta iso, dariya na yi. Dala 140 na biya, na buɗe kwali na tarar da irin abin da muke haɗawa da gora muna yara: sanda, zare, ƙugiya, shi ke nan. Ko abin naɗe zare babu. Tenkara ake ce mata, salon fatsar mutanen duwatsun Japan ne. A tattare ba ta fi rabin mita da kaɗan ba, in ka zazzaro ta sai ta kai mita 3.6.

Cikin watan Mayu na kai ta kogin Rapidan a gandun Shenandoah, jihar Bajiniya, kusa da inda shugaban Amurka Hoover ya gina sansaninsa a 1929 don kamun kifi. Can sai da lasisi, kuma ba a sa tana. Ƙudan roba da gashi ake ɗaurawa, mai ƙugiya ɗaya, abin da ka kama kuma ka mayar ruwa.

Kifin da na je nema, brook trout, ɗan asalin ruwan ne, ba zuba shi aka yi ba. Da wuya ya wuce taƙi guda, wanda ya saba da tarwaɗa zai raina shi. Amma ka ɗaga shi ka gani: bayansa zane kamar sawun tana, gefensa jajayen ɗigo kowanne da shuɗin zobe, fukafukan cikinsa ruwan lemo da farin baki. Ruwan sanyi kaɗai yake iya zama, in ya haura digiri 20 ya shiga wahala. Ga tsoro, inuwarka ta faɗa kududdufi ya ɓace.

A nan sandar ta biya kuɗinta. Saboda tsawonta, zaren ba ya kwanciya a ruwa, ƙudan kaɗai ke taɓawa, sai ya gangara kamar ƙwaron gaske. Ina tsugune bayan dutse nake sauke shi inda nake so. Kafin azahar na kama bakwai, ni da ban taɓa irin wannan fatsa ba.

Tsawon nan kuma shi ya cuce ni. Da na haura sama inda rafin ya tsuke, rassa suka rufe shi, kowace jifa sai zare ya maƙale. A karo na huɗu na fizga da haushi, kan sandar ya karye ƙas. Laifina ne, na yarda, amma sirantakar kan nan ta yi yawa, kuma sai da na yi sati uku ina jiran mai sayarwa ya aiko da wani.

Ga inda kogi ke da fili, ban ga kamarta ba. Ga ƙananan rafukan sama, mai mita 2.7 zan saya kafin kaka.