Bas mai jagora ko hayar mota: amsa ga mai shirin zuwa Aisilan a watan Disamba

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu da ke karatu a Ingila ya ce yana shirin kai iyalinsa Aisilan na kwana huɗu a hutun Disamba, kuma yana son sanin wanne ya fi: ya bi bas ɗin yawon buɗe ido mai jagora, ko ya ɗauki hayar mota ya tuƙa da kansa. Malam, na gwada duka biyun, bas a cikin hunturu, mota a watan Yuli, kuma amsata ta rataya ne a kan watan da ka ambata.

Abin da ya kamata ka fara lissafawa shi ne hasken rana, ba kuɗi ba. A tsakiyar Disamba rana ba ta fitowa a Reykjavik, babban birnin ƙasar, sai bayan ƙarfe 11 na safe, kuma zuwa uku da rabi na yamma ta faɗi, wato awa huɗu da 'yan mintuna ke nan. Zagayen da kowane baƙo ke fara yi, wanda kamfanoni ke tallatawa da sunan Golden Circle, ya haura kilomita 200 zuwa da dawowa, saboda haka duk yadda ka tsara shi, da duhu za ka fita, da duhu za ka dawo. Direban bas ya san wannan hanya kamar tafin hannunsa, ya san kwanar da ƙanƙara ke kwanciya a kan kwalta ba a ganinta, ya kuma san yadda zai raba wannan ɗan hasken tsakanin wurare ukun da ke cikin zagayen, wato Thingvellir, Geysir da Gullfoss. Kai kuwa, idan ba ka taɓa taka birki ka ji mota ta ci gaba da sulalewa ba, bai kamata ranar koyonka ta zama ranar da maiɗakinka da yara ke zaune a baya ba. Ga iska kuma. Masu ba da hayar mota suna gargaɗin a riƙe ƙofa da hannu biyu wajen buɗewa, domin iska na iya fizge ta, kuma sau da yawa inshorar da aka saba yi ba ta ɗaukar nauyin irin wannan ɓarna.

Akwai wani abin da bas ke bayarwa wanda na raina kafin in gani, wato bakin jagora. A Thingvellir, idan babu mai yi maka bayani, duwatsu baƙaƙe da wani dogon rami kawai za ka gani. Jagoranmu ne ya tsayar da mu a cikin tsagin ya ce a nan ne majalisar ƙasar ta fara zama a shekarar 930, kuma ƙasar da muke tsaye a kanta tana rabewa ne, ɓangaren Amurka ta Arewa yana ja gefe guda, na Turai da Asiya yana ja ɗaya gefen, kimanin santimita 2 a kowace shekara. Daga nan ne wurin ya yi mini ma'ana.

Amma ba zan ɓoye maka aibin bas ba, domin ya ci mini rai. Agogon wani kake bi. A filin Geysir akwai rijiyar tafasasshen ruwa da ake kira Strokkur, wadda ke feso ruwa sama kamar mita 15 zuwa 20 duk bayan minti biyar zuwa goma. Kafin ta fashe, ruwan yakan yi ta numfashi, ya janye, sannan ya kumburo shuɗi kamar an kife ƙwarya, ga warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika wurin. Sau uku na kalla, ban ƙoshi ba, sai ga jagora yana nuna agogo. Haka ma a Gullfoss, inda kogin Hvita ke faɗowa mita 32 a hawa biyu: kafin in gama gyara safar hannu lokaci ya ƙure. Da na koma da mota a Yuli, lokacin da dare ba ya yin duhu sosai, na isa Gullfoss bayan ƙarfe tara na dare, bas-bas duk sun watse, na zauna son raina.

Batun kuɗi a taƙaice yake. Bas kan kai ake biya, mota kuwa kan kwana, don haka mutum ɗaya ko biyu bas ya fi musu sauƙi, mutum huɗu kuma mota na iya fin arha, ko da yake mai da ƙarin inshora suna rage bambancin.

Ka yi tanadin salla. Azahar, la'asar da magariba suna zuwa ne a jere cikin 'yan sa'o'i, kuma bas ba zai tsaya dominka ba, saboda haka ka fita da alwala, ka yi amfani da rangwamen da aka yi wa matafiyi, ka kuma sanar da jagora tun da safe. A wuraren cin abinci na kan hanya ka nemi kifi. Naman nan da ake sakawa cikin dogon burodi, wanda suke alfahari da shi, akwai alade a haɗinsa.

Shawarata a Disamba ita ce bas, kuma idan da hali ka zaɓi ƙaramin, mai ɗaukar mutum ƙasa da ashirin, domin ba a daɗe wajen hawa da sauka. Kada ka ɗora wa yara tafiyar Jokulsarlon, tafkin da manyan gutsattsarin ƙanƙara ke yawo a kansa, a wuni ɗaya, kusan kilomita 380 ne daga Reykjavik zuwa kawai. Fitar dare ta kallon koren hasken da kan bayyana a sararin samaniyar ƙasashen arewacin duniya kuwa ka sa ta a darenka na farko, domin kamfanoni da dama suna sake ɗaukar mutum kyauta idan gajimare ya hana gani, kuma sai kana da sauran kwana za ka ci moriyar hakan.