Bayan Mura Mai Tsanani: Hutu Ko Motsa Jiki?

Ana yawan tambaya: bayan mura ta lafa, a ci gaba da kwanciya ne ko a koma motsa jiki?

Hutu ba shi da wahala, haɗarinsa kaɗan ne, sai dai kwanciyar makonni tana rage ƙarfin tsoka. Motsa jiki yana dawo da ƙarfi, amma gaggawa ce matsalarsa. Ƙwayar cutar kan iya kumbura tsokar zuciya, wahalar da jiki kuwa tana ƙara tsananta hakan. Shi ya sa ake jira zazzaɓi ya sauka tsawon awa 24 ba tare da taimakon maganin zazzaɓi ba, sannan a fara tafiya ta minti 10 zuwa 15, ana ƙarawa sannu a hankali.

Mai zazzaɓi, ciwon ƙirji ko haki, hutu ne nasa, ya ga likita. Wanda ɗan majina kawai ta rage masa, tafiya ta fi dacewa da shi.