Bitar WebApplicationFactory: Gwajin Manhajar Kamfani Daga Ciki

WebApplicationFactory, wanda Microsoft ya fitar tare da ASP.NET Core 2.1 (tsarin gina manhajojin yanar gizo) a 2018, yana tayar da manhaja gaba ɗaya cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta domin a gwada sassanta a haɗe, kuma a ganina ya cancanci yabo. Babban ƙarfinsa shi ne ConfigureTestServices, hanyar saka hidimomin gwaji (wato sassan da manhaja ke dogara da su, kamar rumbun bayanai), domin yana aiki ne bayan manhaja ta gama rajistar hidimominta, don haka mai gwaji zai iya musanya rumbun bayanai na gaske da na gwaji ba tare da ya taɓa ainihin lambar shirin manhajar (code) ba.

Wajen tantance mai amfani ne ake shan wahala. Idan ba a kashe AllowAutoRedirect, saitin da ke bin turawa zuwa wani shafi kai tsaye, ba, buƙatar da aka tura zuwa shafin shiga da lamba 302 (alamar turawa) za ta dawo da 200 (alamar nasara), gwajin ya wuce alhali ba a shiga ko'ina ba, kuma wannan kuskure ne mai haɗari ƙwarai. Maganinsa shi ne rubuta AuthenticationHandler (sashen da ke tantance mai amfani) na gwaji wanda zai ba da shaidar da ake so. Haka kuma, ba a karɓar hidima mai iyakantaccen zango (scoped) kai tsaye daga Services, ma'ajiyar hidimomin manhajar, sai an buɗe mata zango da CreateScope tukuna.