Ƙarin albashi ko alawus ɗin tsada?

A Mai Wurno ta ƙasar Sudan muhawara ta kaure tsakanin kawuna, tsohon ma'aikacin gidan waya, da surukinsa da yake bakin aikin yanzu. Idan ƙungiyar ma'aikata ta zauna da hukuma, me za ta sa a gaba, ƙarin albashi ko alawus ɗin tsadar rayuwa?

Kawu na bayan ƙarin albashi, don da shi ake lissafin fansho, kuma idan ya shiga takarda da wuya a zare shi. Alawus kuwa, a cewarsa, rigar aro ce. Ya kawo misalin Saudiyya: a 2018 an ba ma'aikatan gwamnati riyal 1,000 duk wata saboda tsada, a 2020 aka soke.

Surukin ya ce, "Baba, ai mun gani a nan." A 2020 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga fam 425 zuwa 3,000, aka yi ta murna. A Fabrairun 2021 aka karya darajar fam, dala ta tashi daga 55 zuwa kusan 375 a farashin gwamnati, hauhawar farashi ta haura kashi 300. Kafin a ankara, kuɗin da ke cika buhu da dawa ya koma na 'yan mudu. Shi alawus yake so wanda za a riƙa dubawa duk wata uku, a ɗaure shi da farashin dawa, sukari da kuɗin mota.

Ni dai na fi karkata ga surukin, amma da sharaɗi: a rubuta shi cikin yarjejeniya, da sa hannu. Kawu ya kurɓi shayinsa ya ce shi fanshonsa ko gawayin wata ba ya saya.